Sana'ar gyaran fata: takardun shaida, wuraren aiki da iyakar da doka ta shata

Mai gyaran fata, wadda ake kira esthéticienne da Faransanci, ita ce wadda ta koyi kula da lafiyayyar fata: wanke fuska da tsabtace ƙofofin gashi, dirje matacciyar fata, cire gashi, kwalliya, gyaran farce, da ba da shawara kan mai da sabulun da suka dace da jikin mutum. Maza ma suna yin sana'ar, amma mata sun fi yawa a cikinta a ko'ina. Kalmar da za a riƙe a nan ita ce lafiyayya. Da zarar fata ta kamu da cuta, aikin ya koma hannun likitan fata, wanda ya yi karatun likitanci shekara bakwai ko fiye, sannan ya ƙara wasu huɗu na ƙwarewa a wurare irin su Dakar, Abijan ko Bamako.

A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai aikin ba baƙo ba ne. Lalle, halawar cire gashi, dilka da turaren jiki sun daɗe a cikin shirin amarya, kuma dilka da zaman hayaƙin da ƴan Sudan ke kira dukhan sun shigo mana ne ta Chadi da Barno. Akasarin masu yi sun koya ne a hannun uwa, inna ko uwar ɗaki. Abin da ke sabo shi ne takarda, da kuma guraben aikin da ba a shiga sai da ita.

Abin da ake nufi da takardar shaida

Tsarin Faransa ne ya fi kusa da mu, tun da sunayen takardun koyon sana'a na Nijar, CAP, BEP da BTS, daga can aka aro su. Dokar ranar 5 ga Yulin 1996 ta sanya gyaran jiki cikin sana'o'in hannu da ba a yi sai mai takarda, ko kuma ƙarƙashin kulawar mai ita. Matakin farko shi ne CAP Esthétique Cosmétique Parfumerie, karatun shekara biyu bayan ajin troisième, wanda babba mai son canza sana'a kan iya kammalawa cikin shekara guda. Sama da shi akwai Bac Pro na shekara uku, da BP na shekara biyu bayan CAP, wanda akan yi rabi a makaranta rabi a shago. BTS kuwa shekara biyu ne bayan Bac, kuma ya kasu uku: tafiyar da shago, horar da ma'aikata a madadin kamfanoni, da ilimin haɗa kayan shafa. Wadda ba ta da takarda za ta iya kafa hujja da shekara uku na aiki, sai dai aikin da doka ke ƙirgawa shi ne wanda aka yi a ƙasashen Tarayyar Turai da ƴan ƙawayenta na yankin tattalin arzikin Turai. Shekara goma na gyaran amare a Damagaram ba su shiga wannan lissafi, komai gwanintar mai su.

A Amurka kowace jiha da dokarta. New York da Kaliforniya na neman awa 600 na karatu, Texas 750, Jojiya 1000. Bayan karatun sai jarrabawar rubutu, a jihohi da dama har da ta aiki da hannu, sannan a ba da lasisin da ake sabuntawa lokaci-lokaci. Jihohin Virginia da Washington suna da mataki na biyu mai kai wa awa 1200, wanda ke ba da damar wasu ayyuka masu zurfi. Lasisin wata jiha ba ya aiki kai tsaye a wata, sai an nemi amincewar hukumar can. Alƙalumman ma'aikatar ƙwadagon ƙasar na shekarun baya-bayan nan sun sanya matsakaicin abin da ake samu kusa da dalar Amurka 20 a awa. Kuɗin na da daɗin ji idan an canza shi zuwa sefa, amma da shi ake biyan hayar gida da inshorar lafiya na can.

Akwai kuma takardun da ba na wata gwamnati ba. Mafi suna ita ce ta CIDESCO, ƙungiyar da aka kafa a Brussels a 1946, mai hedikwata a Zurich. Manyan otel da jiragen ruwa na yawon buɗe ido sun san ta, su da takardun ITEC da CIBTAC na Ingila. Suna taimakawa wajen neman aiki, amma ba su maye gurbin lasisin da ƙasa ko jiha ke bayarwa.

A gida, kundin sana'o'in hannu da ƙungiyar UEMOA ta amince da shi a 2014 ya kasa sana'o'in zuwa rassa takwas, ɗaya daga ciki shi ne tsabta da kula da jiki. Ke nan mai gyaran fata ƴar sana'ar hannu ce a idon doka, kuma gidanta shi ne majalisar masu sana'ar hannu ta CMANI. Asusun FAFPA na tallafa wa koyon sana'a, hukumar ANPE kuma na rajistar masu neman aiki. Inda ya kamata iyaye su buɗe ido shi ne wajen zaɓen makaranta. Takardar attestation da cibiya mai zaman kanta ke bayarwa bayan wata uku tana shaida cewa an halarci darasi ne kawai, ba daidai take da diploma ta ƙasa da ake samu bayan jarrabawar gwamnati ba. Kafin a biya ko dala, a nemi ganin izinin cibiyar daga ma'aikatar da ke kula da koyar da sana'o'i, a tambayi awa nawa ake yi ana taɓa fatar mutum na gaske, a kuma tambayi shagon da ɗalibai ke zuwa zaman koyon aiki.

Shago, amare da otel

Mafi yawan masu takarda a shago suke farawa, a matsayin ma'aikata. Albashin farko ba ya da yawa a ko'ina, amma a nan ake koyon abin da makaranta ba ta koyarwa: saurin hannu, haƙuri da mutane, da gane fata da ido. Ana biyan wasu albashi tsayayye, wasu kaso daga kowane aiki, wasu kuma su yi hayar ɗaki ko kujera a shagon wata su riƙe abin da suka samu. Kowanne aka zaɓa, gara a rubuta shi a takarda.

Gyaran amarya shi ne kasuwa mafi girma a yankinmu, kuma a nan ne mai takarda ke fuskantar gasa daga matan da suka gaji aikin. Gaskiya ita ce da yawansu sun fi ta iya dilka da zanen lalle. Abin da ta fi su da shi sanin abin da ke cikin kwalba ne. Misali baƙin lalle: lallen asali ja ne ko ruwan goro, baƙin da ke kamawa cikin ƴan mintoci kuwa akasari an haɗa shi da sinadarin PPD na rinin gashi, wanda ba a yi shi don zama a kan fata ba. Yana iya sa zanen ya kumbura ya yi ruwa bayan kwanaki, ya bar tabo daidai siffar furen da aka zana, kuma wadda jikinta ya ƙi shi sau ɗaya takan zauna da wannan ƙin har ƙarshen rayuwa. Mai gyaran da ta san haka, ta kuma san cewa ba a gwada sabon haɗi a fuskar amarya ana saura kwana biyu ɗaurin aure, tana da abin sayarwa da wasu ba su da shi. Matsalar kasuwar ita ce lokaci gare ta. Makonnin da ke gaban azumi da jajibirin salla ba a samun wurin zama, sannan a shiga watannin da shago ke wuni shiru.

Maza kasuwa ce da aka yi wa sakaci. Ƙurajen aski a haɓa da ƙeya sun yawaita ga masu murɗaɗɗen gashi, saboda gashin kan lanƙwashe ya koma cikin fata. Ga kaushi da faso na hunturu da ba su bar kowa ba. Saurayin da ya haɗa aski da ilimin fata zai sami masu zuwa, tun da a al'adarmu namiji ya fi sakin jiki a hannun namiji, kamar yadda aka saba da wanzami.

Manyan otel na Yamai, da na Abijan, Dakar, Maroko da ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, suna ɗaukar ma'aikata a sashen gyaran jiki. Suna neman takarda da harshe, Faransanci ko Ingilishi. Jiragen ruwa na yawon buɗe ido kan ɗauka da yarjejeniyar watanni, ana kwana ana tashi a cikin jirgi, kuma kaso mai yawa na abin da ake samu daga sayar da kayan shafa yake fitowa. Duk wadda dillali ya yi wa alƙawarin irin wannan aiki a waje, ta ga yarjejeniya a rubuce da sunan wurin aikin kafin ta miƙa fasfo.

Aiki kusa da likitoci

Wannan ne reshen da ya fi jan hankalin matasa, kuma shi ne ya fi buƙatar a san iyaka. A asibitin likitan fata ko na mai tiyatar gyaran jiki, mai gyaran fata tana shirya fata kafin aiki, ta kula da ita bayansa, ta koya wa mara lafiya yadda zai yi amfani da abin da aka rubuta masa. Ba ta faɗin sunan cuta, ba ta rubuta magani, ba ta yin allura. A jihohin Amurka da dama doka ta tsayar da hannunta a kan saman fata. A Faransa allurar cike fuska da ta Botox aikin likita ne, kuma kotuna sun sha hukunta waɗanda suka yi ba tare da izini ba. Hatta cire gashi, wata dokar 1962 ta bar wa masu gyaran fata hantsaki da kakin zuma kawai, sai a watan Mayun 2024 aka ba su damar amfani da na'urar laser da ta haske mai ƙarfi, da sharaɗin sun yi horo na musamman.

Batun na'ura ya shafe mu kai tsaye, domin yanzu ana iya sayo ta daga Dubai ko Chaina ba tare da an tambayi mai saye komai ba. Hasken waɗannan na'urori baƙi yake nema. A farar fata yakan sami gashi ya ƙona shi, a baƙar fata kuwa fatar kanta na shan zafin. Ma'aunin Fitzpatrick na 1975 ya kasa fata gida shida, kuma akasarinmu muna gida na biyar da na shida, inda nau'in laser da ake kira Nd:YAG ya fi sauran aminci. Baƙar fata kuma tana da halin barin baƙin tabo bayan kowane rauni, wasu ma tabon kan tashi ya yi tudu, abin da likitoci ke kira keloyid. Littattafan koyarwa da yawa da farar fata aka rubuta su, don haka wadda ta ƙware a kan baƙar fata tana da daraja a Yamai, tana kuma da ita a Paris.

Akwai wani reshe da ba a cika sani ba a nan, wanda Faransawa ke kira socio-esthétique. Makarantar CODES da ke cikin asibitin jami'a na birnin Tours ta fara koyar da shi tun ƙarshen shekarun 1970, kuma tana karɓar waɗanda suka riga suka sami takarda suka yi aiki. Masu wannan horo suna aiki da masu ciwon daji da magani ya zubar musu da gira ya busar da fata, da tsofaffi, da fursunoni, da matan da suka tsere wa duka. Kusa da shi akwai kwalliyar rufe tabon ƙuna ko na cutar da ke sa fata fari-fari, wadda cibiyoyin La Roche-Posay da Avène ke koya wa marasa lafiya. Idan aka dubi cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai, da matan da ke jinyar yoyon fitsari a Yamai da Danja, da yaran da cutar noma ta ci wa fuska da ƙungiyar Sentinelles ke kula da su a Damagaram, da zabiya masu buƙatar kariya daga rana, za a ga cewa buƙata tana nan. Mai biyan albashin ne babu tukuna, sai fa in ƙungiyoyin agaji sun shigo.

Bilicin

Babu mai buɗe shago a yankin nan da ba za a tambaye ta man ƙara haske ba, kuma a nan ne kuɗi ya fi saurin shigowa. Abubuwa uku ne suka fi yawa a cikin irin waɗannan mayuka. Hydroquinone magani ne na gaske da likita kan rubuta na ɗan lokaci don tabo, amma shafa shi shekara da shekaru na jawo baƙin dabbare a kumatu da wuya mai wuyar magani. Magungunan kortikoyid irin su clobétasol da bétaméthasone suna sa fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, ƙuraje, kyasfi da ƙazuwa su samu wurin zama, rauni ya ƙi warkewa bayan tiyata, kuma idan jiki ya sha da yawa suna iya tayar da hawan jini da ciwon suga. Na uku zaiba ce, mai lalata ƙoda da jijiyoyi, wadda ke isa ga ɗan tayi da jariri mai shan nono, har da sauran mutanen gida ta hanyar tawul da zanen gado.

Dokoki sun daɗe suna matsowa. Tarayyar Turai ta hana hydroquinone a man shafa tun 2001, Amurka ta mai da shi sai da takardar likita a 2020. Kodebuwa ta kafa dokar hani a 2015, Ghana ta bi a 2016, Ruwanda ta shiga kwashe kayan daga kasuwa a 2018, hukumar NAFDAC ta Najeriya kuma ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta fara da ƙayyade zaiba a kayan shafa, sannan taron ƙasashen da ke cikinta na 2023 a Geneva ya yanke cewa bayan 2025 ba a yarda a saka ta ba ko kaɗan. Duk da haka kayan na ci gaba da ratsa iyakoki, wani lokaci cikin robar da ba ta da ko suna.

Mai takardar da ta zauna tana dama waɗannan bututu cikin man shafa tana sayarwa da sunan haɗin gida ta bar sana'arta ta shiga ba da magani ba da izini ba. Haka mai ɗaura wa mutane ruwan glutathione a bayan shago. Aikin da ya dace da ita a wannan fage ya fi wuya, ya kuma fi daɗewa yana ciyar da mai shi: karɓar matan da suka gaji da shafe-shafe suna son dainawa. Wadda ta daɗe a kan kortikoyid ba ta yankewa rana ɗaya, fuska kan yi ja ta yi zafi, jiki ma na iya rikicewa, don haka likita ne zai tsara yadda za a rage. Mai gyaran fata ita ce ke riƙe hannunta a watannin da launi ke dawowa ba daidai ba, da mai mai laushi, da kariyar rana, da magana mai kwantar da hankali lokacin da ƙawaye ke cewa ta lalace.

Kamfanoni, koyarwa da haɗa kaya

Farmasi da shagunan turare na ɗaukar masu ba da shawara, kamfanonin kayan shafa kuma na neman wakilan da za su zagaya shaguna suna nuna yadda ake amfani da kayansu. Aiki ne na tafiye-tafiye da baki, ya fi dacewa da mai BTS. Koyarwa na zuwa bayan shekarun aiki. Kwalliyar fim, talabijin da nunin tufafi ma hanya ce, ga masana'antar Kannywood a Kano, ga bikin FIMA da Alphadi ya fara a 1998 a Tigidit kusa da Agadas, sai dai aikin kan zo ne jefi-jefi. Masu nuna gwaninta a TikTok da Instagram suna samun masu zuwa shago ta nan, amma wadda ta tallata man da bai da kyau, sunanta ne zai ɓaci kafin na kamfanin.

Haɗa sabulu da mai daga kayan gida, man kaɗanya na yankin Gaya, man aduwa, man zogale da na riɗi, ya samu karɓuwa, kamar yadda ake gani a baje kolin SAFEM na Yamai. Man zalla ba ya saurin lalacewa. Da an zuba ruwa a cikin haɗi kuwa, ƙwayoyin cuta sun samu gida, ga zafin bazara, don haka sai da sinadarin adanawa da awo na gaskiya. Ɗakin gwaji na LANSPEX da hukumar ingancin kaya ta ANMC su ne wuraren da ake nufa da irin wannan kaya, sunan kaya kuma ana kare shi a hukumar OAPI da ke Yawunde, inda rajista ɗaya ke aiki a ƙasashe 17.

Buɗe wurin kai

Rajistar kasuwanci da lambar haraji ta NIF ana yin su a Maison de l'Entreprise, kuma dokar OHADA ta 2010 ta tanadi matsayin entreprenant mai sauƙin ƙa'idoji ga ƙananan masu sana'a. Wadda ta ɗauki ma'aikata sai ta yi musu rajista a asusun CNSS. Kuɗin haya, ruwa da abin da za a yi idan an ɗauke wuta su ne ke cin ribar shekarar farko, kuma shaguna da yawa bashin ƴan uwa da ƙawaye ne ke durƙusar da su, ba rashin masu zuwa ba.

Tsabta ba ta da rangwame. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B na iya rayuwa aƙalla kwana bakwai a wajen jiki, a kan reza, hantsaki ko abin yanke farce. Goge ƙarfe da barasar asibiti ba ya kashe komai da komai. Ana buƙatar tukunyar tururi mai kai zafi digiri 121 ko fiye, reza da allura kuma sau ɗaya ake amfani da su a jefar. Ita ma mai aikin ta yi rigakafin ciwon hantar tun tana makaranta. Ciwon baya da wuya daga sunkuyo, tsagewar hannu daga yawan wanki, da tari daga warin sinadaran farce da hayaƙin turare a ɗakin da iska ba ta ratsawa su ne cututtukan da suka fi fitar da mata daga sana'ar kafin lokaci. Gadon aiki mai tsawon da ya dace, safar hannu da taga biyu masu fuskantar juna suna rage mafi yawansu.